Abin da ya sa na ƙi sayar da tsohuwar motar babana

A watan jiya wani mai sayen tsohon ƙarfe ya yi sallama a ƙofar babban gidanmu a Tawa. Ya ce an gaya masa akwai wata matacciyar mota a ƙarƙashin bedi. Muka shigo da shi. Ya kewaye ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙofarta, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashi, sa'annan ya ce zai biya jikka 120, ɗaukarta kuma na wuyansa. Yayana na tsaye. Ya dube ni ya ce: "Malam, karɓi kuɗinka. Kusan shekara talatin ke nan ba ta da aiki sai kaji su yi ƙwai a cikinta." Na ba mai saye haƙuri, na raka shi ƙofa. Yaya bai sake ta da zancen ba, amma na san ransa bai so ba.

Ina son in faɗi dalilina a nan, gaban ƴan'uwana malamai da iyayen yara, domin gardamar ta shafi yadda muke kallon aikin hannu da yadda muke tarbiyyar ɗiyanmu.

Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Ita ta yi jigilar mu daga Tawa zuwa Ƙwanni, daga Maraɗi zuwa Damagaram, mutum tara ko goma a ciki, kayan da ke bisa sun fi motar tsawo. Ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, kuma an daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna. Tamu ƴar gidan ce, amma ba irin ta tasha ba. Ana kiran ta 504 Coupé: ƙofa biyu, gajera, ta kwanta ƙasa, fitilu huɗu a gaba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, shi kuma yake ƙera gangar jikinta, sa'annan a kai Faransa a sa mata inji. An yi ta daga 1969 zuwa 1983. Irinta mai babban inji V6 ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1978, Jean-Pierre Nicolas na tuƙi, ta kuma ci tseren Bandama na Kodebuwa a shekarar. Tamu ƙirar 1973 ce, mai silinda huɗu.

Yadda ta zo hannunmu ma abin dariya ne. A shekarun 1980 Turawa matasa kan sayi tsofaffin Fijo a ƙasarsu, su keto hamada ta Tamanrasset da Assamaka, su sayar a Arlit, ko Agadas, ko nan Tawa, su koma gida da jirgi. Ƴan kasuwa na ruguguwar doguwar 504 mai ɗaukar fasinja. Wani Bafaranshe ya yi kuskuren zuwa da mai ƙofa biyu, wadda ba ta ɗaukar buhun hatsi balle rago. Kowa ya duba sai ya wuce. Da ya iso Tawa a 1987 kuɗin guzurinsa sun ƙare. Babana, Allah ya ji ƙansa, direba ne a wata ma'aikata, kuma ya san mota. Ya saye ta da araha, abokansa na yi masa dariya.

Ina da shekara shida a lokacin. Ina tuna ƙamshin kujerunta da zafin ƙarfen ƙofa in rana ta doke shi. Ina tuna wata ranar Lahadi da ya ɗauke ni mu biyu, muka hau kwaltar Agadas wajen Abalak, lokacin hanyar tana da sauran ƙarfinta. Ya ce in riƙa kallon allurar gudu in faɗa masa lambar. Da ita na koyi karanta 80, 100, 120, tun kafin mushe ya kai mu nan a lakwal. Ranar Salla kuwa da ita ake kai Inna gaisuwar dangi, mu yara huɗu a cushe a baya.

Ta tsaya a 1996. Ita ba ta da kafireta irin ta sauran Fijo. Wani famfo ne ƙirar Kugelfischer yake fesa mai cikin inji, kuma makanikan garinmu ba su saba da shi ba. Famfon ya lalace. Shekara biyu kafin nan, a Janairun 1994, an karya darajar sefa da rabi, duk abin da za a aiko daga Faransa kuɗinsa ya ninka. Ga albashi na yin watanni bai fito ba. Baba ya tura ta ƙarƙashin bedi, ya ɗora ta bisa duwatsu, ya ce sai abubuwa sun daidaita. Ya rasu a 2011 tana nan inda ya bar ta. Da aka zo rabon gado na roƙi a sa ta cikin kasona, na biya ƴan'uwana abin da ya hau kaina.

Masu cewa in sayar suna da hujja, ba zan ɓoye ba. Yaya yana son wurin ne ya gina wa ɗansa ɗaki, yaron aure zai yi bayan damina. Maiɗakina ta ce mani: "Malam, jikka 120 ta biya kuɗin makarantar yara da littattafai, har da saura." Gaskiya ta faɗa. Wani abokin aikina ya ce ko ta tashi, wace hanya za ta bi, ita da cikinta ke kusan shafar ƙasa, kuma da wane mai zan ciyar da ita da albashin malami? Shi ma bai yi ƙarya ba. So hana ganin laifi, na sani, shi ya sa nake sauraren su.

Dalilina na farko ba ya buƙatar ado: ina son ta. Tun ina yaro nake son ta, har yau ban daina ba. Mu iyaye mun saba jin kunyar a ce muna da wani abin sha'awa wanda ba ya kawo kuɗi, kamar dai uba nagari shi ne wanda ba shi da komai a ransa sai cefane. Ban yarda da haka ba. Yaron da bai taɓa ganin babansa ya duƙufa kan wani abu don ƙauna ba, ina zai koyi duƙufa kan karatu in babu bulala ko jarrabawa?

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma ban san da shi ba sai da na fara gyaran, shekara huɗu da suka wuce. Na nemo wani dattijon makaniki wanda ya koyi aiki a kan 404 da 504 tun yana yaro. Bai yi lakwal ba ko kwana ɗaya. Ya tarar inji ya cije, ba ya juyawa. Ya cire buji, ya zuba gazuwal a kowace silinda, ya ce mu ba ta sati uku, kar wanda ya matsa mata. Kowace Lahadi mukan gwada juya shi da hannu a hankali. A sati na biyar ya motsa. Ni da nake koya wa ɗalibai malamai darasin haƙuri da yaro mai jinkirin fahimta, ranar na ga haƙurin da idona.

Da muka buɗe kan injin, ɗiyata, tana aji biyu na kwaleji a lokacin, ta zo tana leƙe. Na ce ta ɗauko littafinta na lissafi. Dattijon ya auna mata faɗin bakin silinda, milimita 88, da nisan da fiston ke yi daga sama zuwa ƙasa, milimita 81. Na ce ta nemo cikin silinda ɗaya kamar yadda aka koya masu a aji. Ta ɗauki rabin faɗin, santimita 4,4, ta ninka shi da kansa, ta ninka da 3,14, ta ninka da 8,1, ta samu 492 da ƴan kai. Ta ninka sau huɗu, ya ba ta kusan 1970. Na buɗe mata tsohon littafin motar da Baba ya adana: an rubuta 1971. Ta yi shiru, sa'annan ta ce: "Baba, ashe da gaske ake yi?" Wannan tambaya ta tsaya mani a rai. Yarinya mai ƙoƙari ce, tana cin maki, amma ashe a zuciyarta lissafi wani wasa ne da malamai suka ƙirƙiro don ranar jarrabawa. Daga baya ita da kanta ta gano cewa guntule lambar nan zuwa 3,14 ne ya cinye mata ɗayan da ya ɓace.

Nan ne nake ganin laifinmu, mu malamai da iyaye. Sau nawa muka ce wa yaro: "In ba ka yi karatu ba, garaji zan kai ka"? Mun mai da garaji gidan horo. Yaro na ji, sai ya ɗauka riƙe sifana alamar faɗuwa ce, kuma duk mai baƙin mai a riga ƙasa yake da mai alƙalami a aljihu. A makarantar horar da malamai inda nake koyarwa, nakan tambayi sababbin ɗalibai wa ya taɓa kwance wani abu ya mayar da shi, ko da fitilar hannu ce. Hannuwan da ke tashi kaɗan ne. Gobe su ne za su zana inji a allo, su sa yara su haddace shaƙa, matsa, fashewa, fitarwa, alhali su da yaran babu wanda ya taɓa ganin bawul yana buɗewa. Akwai cibiyoyin koyon sana'a, CFM, da kwalejojin fasaha, CET, amma yawancinmu ba mu tuna su sai yaro ya kasa wani wuri. Ga shi kuma dattawan da suka san irin waɗannan injuna ciki da waje suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya rubuta abin da ke kansu.

Duk da haka, sha'awar uba ba ta da ikon cin haƙƙin gida, don haka na kafa wa kaina dokoki uku. Ta ɗaya, kuɗin mota sai bayan hatsi, kuɗin makaranta da maganin Inna. Abin da nake jefawa a gwangwani bai wuce jikka 10 a wata ba, wani watan ma ba ko dala. Ta biyu, ba na cin bashi dominta. Ta uku, ranar Lahadi da safe kaɗai, kuma duk yaron da ke so ya zo, nawa ko na maƙwabta, a ba shi abin riƙewa, ko da wanke ƙusoshi ne cikin gazuwal.

Ga inda aiki ya tsaya yau. Busasshiyar iskar Adar ta yi mana rana: tsatsa kaɗan ce a jikinta. Amma rana ta cinye duk wata roba, kujeru sun dagargaje, wayoyin wuta sun bushe, ɓeraye sun ƙarasa sauran. Mun wanke tankin mai, mun gyara kan inji. Saura birki gaba ɗaya, da wayoyi, da tayu. Gilashin gaba ya tsage, kuma na sauran 504 ba ya shiga; na sa a duba mani a Katako a Yamai da Ƙofar Ruwa a Kano, har yanzu shiru. Batun famfo kuwa, dattijon ya ce: "Malam, kana son ta tashi ko kana son ka yi ta kallon ta? Mu sa mata kafireta ta Fijo ta gari, injin gida ɗaya ne." Na san masu tara tsofaffin motoci a Turai za su ce na ɓata ta. Na yarda da shawararsa. Famfon na naɗe shi cikin tsumma na ajiye a akwati, ko wata rana ɗiyata ko ƙanenta su san yadda za su yi da shi.

Da Yaya kuma mun daidaita. Wurin nasa ne a gini, domin ɗaki ga mai aure ya fi inuwa ga mota. Kafin ruwan farko zan janye ta zuwa garajin dattijon, ya yarda ya ba ni kusurwa.

Ba na cewa kowa ya je ya nemo tsohuwar mota. Amma kusan kowane gida akwai wani abu da aka jingine: keken Baba, keken ɗinkin Inna, rediyo, injin ban ruwa a garka. Kafin mai sayen ƙarfe ya ɗora shi bisa sikeli, a zauna da yara a kwance shi, a nemo wanda ya sani a tambaye shi a gabansu, su ga babansu yana cewa "ban sani ba, koya mani". Malami kuma, sau ɗaya a shekara, ya nemi izinin darakta ya kai ajinsa garajin unguwa da ma'auni da littafin lissafi, ko ya gayyato makanikin cikin aji ya zaunar da shi kan kujerar malami. Kuma don Allah mu daina yi wa yara barazana da garaji.

Mai yiwuwa ne motar nan ba za ta ƙara hawa kwalta ba. Na lissafa, da jikka 10 a wata akwai sauran shekaru, kuma ni da dattijon ba wanda ya san kwanansa. In ma haka ta kasance, ban yi asara ba, domin abin da yarana suka koya a gefenta ya riga ya shiga. Amma ina fata. Ran nan Inna ta same mu muna goge fitilu, ta tsaya da sandarta tana kallo, ta ce: "In ta tashi, ranar Salla ka kai ni gaisuwa kamar yadda babanku ke yi." Na ce to, Inna. Allah ya ba ta tsawon rai, mu kuma ya ba mu ikon cika alkawari.