Sallama kafin hoto

A Kalfu, ko a Tawa, ba wanda ke shiga gidan wani ba sallama. Baƙo yakan tsaya ƙofar gida har a amsa masa. Hausawa suna cewa baƙon da bai yi sallama ba mugu ne. Daji ma yana da tasa sallama. Wanda ke son ɗaukar hoton namun daji, ko ya yi silima a kansu, ya kamata ya nemi izini tukuna. Wannan doka daidai ce, kuma tana da dalilai.

A tsakiyar Afirka akwai wata dabba da ake kira goggon birin dutse. Yana cikin birai mafi girma, ganye da ɓargon itace ne abincinsa. Ba a samunsa sai a duwatsun ƙasashe uku: Ruwanda, Yuganda da Kwango. A 1981, waɗanda suka rage a duwatsun Birunga ba su wuce wajen 250 ba. A 2018 an ƙirga su a ƙasashen uku, an tarar sun haura 1000.

Mutane suna zuwa daga nesa don su gan su, amma ba wanda ke hawan dutsen sai da takardar izini. A 2017 Ruwanda ta sa kuɗin takardar baƙo ɗaya dalar Amurka 1500. Wannan ba dalar da ake sayen alewa da ita a kasuwar Tawa ba ce: kuɗin sun fi jika 800. Ƴan ƙasa suna biyan ƙasa da haka. Duk da tsadar, akwai sharuɗɗa. Mutum takwas kawai ke ziyartar garke ɗaya a rana. Awa ɗaya suke yi, su juyo. Ba a matsawa kusa, kuma ba a kunna hasken na'urar hoto. Mai mura ba ya zuwa, domin murar mutum tana kama goggon biri, har ta kashe shi. Mai son yin silima kuwa sai ya nemi wata takarda dabam.

Nijar ba ta da goggon biri, amma tana da dabbar da ta kai shi daraja: raƙumin dawa. Dā irin nan ya bazu daga Senegal har tabkin Cadi. Farauta da fari da saran itatuwa suka ƙarar da shi ko'ina, sai a Nijar kaɗai. A 1996 guda 49 suka rage, a yankin Kure, kilomita 60 daga Yamai. Gwamnati ta tsaurara hana farautarsu, mutanen ƙauyuka suka taimaka. A 2017 sun haura 600. A 2018 an ɗauki takwas cikin mota, an kai su gandun dajin Gadabeji, arewa da Dakoro, inda aka yi shekaru wajen 50 ba a ga ko ɗaya ba. A 2022 an ƙara huɗu. Ga shi raƙuman dawa sun komo kusa da Adar.

A Kure ma an yi tsari. Dā baƙo yakan biya kuɗin shiga, ya ɗauki jagora daga cikin ƴan yankin, sannan ya shiga daji da na'urarsa. Ranar 9 ga Agusta 2020, ƴan bindiga sun kashe mutum takwas a wurin, har da shugaban jagororin. Hukuma ta rufe wurin ga baƙi. Jagorori da yawa sun rasa abin yi. A nan aka ga yawan gidajen da ke ci daga wannan ziyara.

Wani yakan ce: «Dabba ta Allah ce. Hoto ba ya rage mata komi. Don me za a biya?» Gaskiya ne, hoto ba kibiya ba ne. Amma mai hoto yana son ya matsa kusa. Idan ba mai tsawata masa, yakan bi dabba da mota ko da babur, ya hana ta kiwo, ya raba uwa da ɗanta. Raƙumar dawa tana yin wata 15 da ciki, ta haifi ɗa guda. Asarar ɗa ɗaya babbar asara ce ga garke ƙarami. Jagora ya san inda za a tsaya, ya san lokacin da dabba ta tsorata. Takardar izini ita ke sa baƙo a hannun jagora.

Dalili na biyu shi ne haƙƙin manomi. Raƙumin dawa yana son ganyen gawo da na itatuwan ƙaya, amma yana son wake da mangwaro ma. Yakan shiga gona ya ci waken da manomi ya wahala a kai, kuma doka ta hana manomin ya taɓa shi. Kowane ɗan Kalfu ya san darajar buhun wake a shekarar da damina ta gaza. To, baƙo ya zo ya ɗauki silima, ya kai Turai ya sayar, manomi kuwa ya tashi da asara? Wannan ba adalci ba ne. Tun 2017, Ruwanda tana ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin gandunan dajinta don ƙauyukan da ke kewaye. Da su ake gina azuzuwa da gidajen likita. Manomin da ya ga ɗansa yana karatu da kuɗin goggon biri ba zai ɗana masa tarko ba.

Saboda haka nauyi bai tsaya kan baƙo kaɗai ba. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Hukumar da ta karɓi kuɗin izini wajibi ne ta ba da takarda, ta rubuta abin da ya shigo, ta kai wa ƙauyuka rabonsu a fili. Idan kuɗi suka tsaya cikin aljihun wasu, mutane za su tsani dokar, su tsani dabbar. Haka kuma bai kyautu kuɗi su hana ɗan ƙasa ganin dukiyar ƙasarsa ba. Ya kamata ƴan makaranta su shiga da kuɗi kaɗan, ko kyauta, tare da malaminsu da sarkin dawa.

Yau salula mai hoto ta shiga ko'ina, har hannun samari. Tabkin Tabalak ba shi da nisa da Kalfu, kuma tsuntsaye suna sauka bakinsa lokacin sanyi, wasu daga Turai. Yaron da ya je can zai iya gwada wannan ladabi. Ya tambayi manyan wurin tukuna. Ya tsaya nesa, ya yi shiru. Kada ya jefi tsuntsu don ya tashi a ɗauki hotonsa, kada ya taɓa sheƙa. Wanda ya saba da haka tun yana ƙarami, shi ne gobe zai iya zama jagora ko sarkin dawa a Gadabeji.

Tambayoyi

1. A waɗanne ƙasashe ake samun goggon birin dutse?
2. Don me ake hana mai mura zuwa wurinsa?
3. Raƙuman dawa nawa suka rage a Nijar a 1996?
4. Ku tambayi tsofaffin garinku namun dajin da suka sani dā, waɗanda yanzu babu su. Ku rubuta sunayensu.