Ko risho zai tafasa ruwa a sararin samaniya?

Daren Lahadi 'yar autata na tsugune gaban risho tana jiran ruwan shayi, sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, in aka kai wa 'yan sama jannati wannan, zai tafasa musu ruwa?" Kafin in buɗe baki kawunta ya daka mata tsawa: "Ke, tashi ki ba mutane wuri da shirme!" Yarinya ta sunkuyar da kai. Har yanzu abin yana ci mini rai, domin duk hirar da mu manya muka yi a daren nan babu maganar da ta kai tambayarta nauyi.

Da safe na zaunar da ita muka bi kayan gidan ɗaya bayan ɗaya.

Risho dai ba zai taɓuka komai ba. A nan ƙasa iska mai zafi sama take tashi, sabuwa ta shigo ta gindi ta ciyar da wutar, shi ya sa harshen wuta yake miƙewa da tsini. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai kewaya duniya a nisan kusan kilomita 400, komai shawagi yake yi. Wuta a can dunƙulewa take kamar ƙwallo, shuɗiya, marar kuzari, hayaƙinta na shaƙe ta. Ruwan butar kuwa ko ya yi zafi kumfarsa ba ta da inda za ta hau, sai ta taru ta zama ƙatuwa guda. A tsiyaya a kofi? Ba zai zubo ba.

Muka ɗauko rariya. Na ce mata ta girgiza, gari ya zuba a faifai. A can da kicin ɗin zai turnuƙe da gari, ya shiga ido da hanci da na'urori. Gudun haka ne ya sa gishirinsu da barkononsu na ruwa ne, burodi mai marmashi ma ba sa so. A ƙarshen 2019 sun gwada gasa biskit a wata ƙaramar tanda: abin da ke nuna cikin minti 20 a duniya sai da ya ci kusan awa biyu. Injin wanki babu shi sam. Tun shekarar 2000 mutane ke zaune a tashar nan, kuma tufafi sawa ake yi har su yi dauɗa, a cusa su a jirgin shara, ya ƙone ƙurmus a hanyar dawowa.

Amma fanka! Fankar da muke jefarwa bayan ƙofa da zarar hunturu ya shigo, ita ce mai riƙe da rai a can. In ba ta kaɗa ba, numfashin da mai barci ya fitar taruwa zai yi a fuskarsa, ya tashi da ciwon kai yana haki. Dare da rana tana juyi, ba ta da hutu.

Na daɗe ina kuka a kan hadda a makarantu. Yaro ya rera ma'anar maganaɗisun ƙasa kamar waƙa, a ba shi maki, alhali bai taɓa sanin cewa shi ne ke zaunar da tuwo a tukunya ba. Ranar da kuma ya yi tambaya tasa ta kansa, mu ne na farkon toshe masa baki. Wannan zalunci ne, kuma a gidajenmu ake fara shi kafin a je aji. Wani zai ce ana fama da tsadar masara wa ke ta sama, to tambayar yarinya ko sisi ba ta ci ba.

Jiya da yamma na tarar da ita tsaye kan randa da moɗa a hannu. Ta ce, "Baba, to wannan fa? Murfi za a ɗaure mata, ko a bar ruwan ya fito su kama shi da baki?"