Baƙon Da Ya Fi Masu Gida Ganin Gida

Hausawa kan ce baƙo makaho ne ko da yana da idanu. To, akwai wasu littattafan Turawa da ke ƙaryata wannan magana. Su ne labarun kisan kai na zamanin da, waɗanda a cikinsu wata baƙuwa 'yar aikin gida ce ke tono asirin mai laifi, bayan 'yan sanda sun gaza.

Alal misali, a 2003 marubuciya P. B. Ryan ta Amurka ta fitar da littafi mai suna Still Life with Murder. Jarumar labarin, Nell Sweeney, haifaffiyar ƙasar Ailan ce, tana rainon yarinya a gidan wasu attajirai na birnin Bostan a 1868. Zaɓen mutuniyar Ailan kuwa yana da dalili. Tsakanin 1845 da 1852 cutar dankali ta jawo yunwa a ƙasar, mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura. 'Yan matansu da yawa suka shiga aikatau a gidajen Amurka, har masu gida suka riƙa kiran kowaccensu Bridget, ko mene ne sunanta na yanka. Duk wanda aka taɓa kira "Aboki" a Ikko ya san zafin wannan.

Marubutan sun yi gaskiya a abu guda. Mai hidima ya san wanda ya shigo da tsakar dare, ya san rigar da aka wanke a ɓoye, ana kuma faɗar sirri a gabansa domin ba a ɗauke shi bakin komai ba. Amma sun yi wa labarin kwaskwarima da suka sa ana sauraronsa. A zahiri, zargi ke fara hawa kansa.

A dubi Grace Marks, ita ma 'yar aiki daga Ailan. A 1843 aka kashe maigidanta Thomas Kinnear da mai kula da gidansa Nancy Montgomery a Kanada. Aka rataye ɗan aikin gidan, James McDermott, ita kuma tana da shekara 16 aka ɗaure ta, ba a sake ta ba sai 1872. Har yau ana gardama a kan ko da hannunta. Labarinta ne Margaret Atwood ta rubuta a Alias Grace cikin 1996.

Wannan batu ya shafi maigadi da kuku da boyi da ke aiki a Ikoyi, ko Apapa, ko Bodija ta Badun. In aka yi sata, sau da yawa maigadi ake fara kaiwa caji ofis, alhali shi ne ya fi kowa sanin motar da ta tsaya a ƙofa da ƙarfe biyu na dare. Rashin Turanci ko Yarabanci kan sa shaida ya koma wanda ake tuhuma.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun su tanadi tafinta da mai tsaya wa duk ɗan'uwan da aka kama. Shi kuma mai aikin, ya riƙe sunaye da lokuta a ka, ko a takarda ko da ajami ne. Marubutan Hausa su ma ga fili: maigadin da ya gano ɓarawon gida ya isa jarumin littafi.