Ra'ayinmu: Tsohuwar kwamfuta ma tana iya zuwa gayya

Ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba yi wa manhajar Windows 10, kuma yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Wani kamfanin nazarin kasuwa mai suna Canalys ya ƙiyasta tun 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan canji. Duk wanda ya san hanyar kaya ya san inda wani kaso na wannan tarkace zai ƙare. Zai sauka a Lome ko Legas, ya hau manyan motoci, a wayi gari yana jibge a rumfunan Maraɗi, da Birnin Ƙonni, da Illela, da Jibiya, da Maigatari. Tun da kayan na tafe ko muna so ko ba mu so, ya kamata mu yi tunanin abin da za a yi da wanda ya ƙi sayuwa alhali yana da sauran numfashi.

Akwai wani aiki da ake yi a duniya shekara fiye da 25 wanda mu nan ba mu cika jin labarinsa ba. Masu bincike a jami'o'i sukan gamu da lissafin da kwamfuta ɗaya za ta yi ɗaruruwan shekaru ba ta gama ba. Sai su yanyanka shi ƙanana, kamar yadda ɗan kasuwa yake fasa buhu ya auna a tiya, su raba wa duk mai son taimakawa ta intanet. Na'urarka ta karɓi rabonta, ta yi lissafin a lokacin da ba ka aiki da ita, ta mayar da amsa. Sau da yawa akan ba na'urori biyu ko fiye aiki iri ɗaya domin a gwada amsoshinsu, kada kuskuren wata ya ɓata na sauran. Ba a biyan kowa ko dala. Gayya ce, irin wadda manoma suka sani, sai dai a nan gonar ta ilimi ce.

A 1999 jami'ar Berkeley ta Amurka ta soma da SETI@home, mai tace saƙonnin sararin samaniya, wanda ya daina raba aiki a 2020. Daga can ne aka samar da manhajar BOINC wadda ayyuka da dama suke hawa kanta, kuma kyauta ce. A 2000 jami'ar Stanford ta buɗe Folding@home domin nazarin yadda sinadaran furotin na jiki suke naɗewa, abin da ya shafi cututtuka masu yawa. Lokacin annobar korona, a watan Afrilu na 2020, jama'a sun shiga shi da yawan da har aka ba da rahoton ƙarfinsa ya zarce na manyan kwamfutoci 500 mafi sauri a duniya idan an haɗa su.

Mai karatu zai ce ina ruwan mai sayar da wake da wannan? Ruwansa shi ne zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 cutar ta kashe mutum kimanin 597,000, kuma fiye da rabinsu a ƙasashe huɗu kawai: Najeriya, da Kwango ta Kinshasa, da Nijar, da Tanzaniya. Daga 2006 zuwa 2016 wata cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi ta birnin Basel a Suwizalan ta gudanar da malariacontrol.net, inda kwamfutocin ƴan sa kai suka riƙa gwada ta lissafi abin da zai faru idan an raba gidan sauro, ko an yi rigakafi, ko an sauya magani. Ruwansa kuma shi ne damina. A 2019 jami'ar Delft ta Holan ta kafa wani aiki a dandalin World Community Grid domin kwaikwayon yadda ruwan sama yake sauka a Afirka kudu da Sahara, wuri bayan wuri, saboda ƙananan manoma. Ciwon namu ne, gonar tamu ce, amma galibin na'urorin da suka yi wannan wahala suna ɗakunan mutanen Turai da Amurka. Wannan ya isa ya ɗan sosa mana rai.

Saboda haka muna goyon bayan matasan kasuwanninmu, musamman masu gyaran waya da kwamfuta da yaransu, su kafa ƙungiyar irin wannan gayya, ƴan kasuwa kuma su taimaka musu da abin da ya kwanta musu. To amma mu faɗi gaskiya tun da wuri, domin wanda ya shiga da ido rufe zai fita da bashi.

Abu na farko shi ne wuta. Tsohuwar kwamfutar tebur mai cin wat 100, idan ta kwana ta wuni tana aiki, za ta sha kilowat 72 a wata. Guda goma, 720 ke nan. Kowa ya ɗauko takardar kuɗin wutarsa ya buga lissafin da kansa. Wanda ya ce zai tada janareta domin wannan kuwa, gara ya ɗauki kuɗin man ya sayi gidan sauro ya raba wa maƙwabta, ya fi amfani nesa ba kusa ba. Ba mu manta da watannin da suka biyo bayan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa Nijar daga Najeriya, har zuwa Maris na 2024. Ƙarin abin lura shi ne yawancin ƙarfin da Folding@home ya tara a 2020 ya fito ne daga sababbin na'urori masu tsada. Kwamfutar da ta shekara 20 za ta iya shan wuta wata guda ta yi abin da sabuwa take gamawa kafin azahar.

Ashe ke nan ba kowace kyauta ake karɓa ba, kuma ƙungiyar da ta kasa cewa a'a za ta zama juji. Tun a 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan lantarki suna shiga Legas kowane wata, kuma dillalai da kansu sun ce har kashi 75 cikin 100 na wasu kayan ba su gyaruwa. Da yawan waɗannan an shigo da su ne da sunan taimako. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta haramta shigo da shara mai guba Afirka, amma duk wanda ya ga hayaƙin wayoyin da aka riƙa ƙonawa a Agbogbloshie ta Akara kafin a rushe wurin a 2021 ya san takarda ba ta tsare iyaka. Sai a kunna na'ura a gaban mai ita. Idan ta tashi a karɓa, idan ba ta tashi ba ya koma da abinsa, a yi masa godiya.

Abin da ya fi dacewa da mu shi ne kwamfutar cinya da wayar hannu. Kwamfutar cinya mai fasasshen gilashi ba ta da kasuwa, amma cikinta lafiya lau, kuma wutar da take ci kaɗan ce a kan ta tebur. Tsohuwar wayar Android kuwa, ko ta ci wat 5, kilowat 4 ba za ta cika ba a wata, kuma BOINC tana da manhajar da ke aiki a kanta. Rumfunan cajin waya masu faranti na hasken rana sun cika kasuwanninmu, kuma da tsakar rana, bayan baturansu sun cika, wutar da faranti yake iya bayarwa tana tafiya a banza. A nan ne gayyar za ta zauna. Ana iya saita manhajar ta yi aiki a wasu sa'o'i kawai, ta kuma yi amfani da rabin ƙarfin na'urar, wanda dole ne a watan Afrilu da Mayu sa'ad da zafi yake haura digiri 40. A lokacin hunturu a riƙa buɗe su ana hure ƙura. Baturin da ya kumbura a cire shi nan take, domin rumfar da ke kusa da ta mai atamfa ba wurin wasa da gobara ba ce.

Kafin a kunna kowace na'urar kyauta a goge cikinta tas, a sa mata Linux, wadda kyauta ce kuma ba ta raina tsofaffin na'urori. Alhajin da ya ba da kwamfutar shagonsa bai ba da littafin bashinsa da hotunan iyalinsa ba. Ranar da aka ji sirrin wani ya fita ta hannun ƙungiya, daga ranar ba mai sake ba da ko linzami. Haka nan kada wani ya sa manhajar a kwamfutar ofis ko ta makaranta ba da izinin masu ita ba. A kuma duba nauyin aiki kafin a zaɓa, domin wasu ayyukan, irin na hasashen yanayi, suna sauke manyan fayiloli da za su cinye kuɗin intanet na wata cikin ƴan kwanaki, wasu kuwa ɗan kaɗan suke buƙata, kuma da zarar aikin ya sauka ana iya kashe intanet har sai an gama.

Yadda za a tara mutane bai kai wannan wuya ba. Manhajar tana ba kowace ƙungiya maki gwargwadon aikinta, kuma kowa yana iya gani. A rubuta makin mako a allo a bakin rumfa, da sunan kasuwa da sunan wanda ya ba da kowace na'ura idan ya yarda. Mun san halinmu: ranar da ƴan Illela suka ji ƴan Ƙonni sun wuce su, ba sai an roƙi kowa ba. Yaron da ya koyi goge na'ura da sa mata manhaja da gano abin da ya kashe ta ya tafi da sana'a a hannu, kuma wannan ita ce hujjar da za a kai wa sarkin kasuwa idan ana neman kusurwar da za a ajiye kayan.

Gargaɗi ɗaya ya rage. Duk wanda ya zo ya ce a haɗa na'urori za a riƙa samun riba kowane mako, ko a biya kuɗin rajista tukuna, ba wannan aikin yake magana a kai ba. BOINC da Folding@home ba su karɓar kuɗin shiga kuma ba su biyan kowa. Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa su nemi a nuna musu sunan jami'a ko cibiyar da ke karɓar sakamakon, a kan allon na'urar, kafin su bari a jona ko waya ɗaya a wutar kasuwa.