Ma'aunin igiyar rediyo: a auna kafin a biya

A kasuwa babu mai sayen buhun hatsi a ɗaure. Sai an kwance baki, an zura hannu, an auna da tiya. Amma ɗan kasuwa zai ɗauki miliyoyin sefa ya sayo emetar, wato injin watsa shirin rediyo, daga Kano ko Dubai ko Cana, a kafa ta a tasha, ba wanda ya auna abin da take zubawa cikin iska. In an buɗe akwati an ji murya garau, shi ke nan. To, a wannan sha'ani kunne bai isa shaida ba.

Tun daga shekarun 1990 da aka ba masu zaman kansu izinin buɗe tashoshi a Nijar, da kuma 1999 da rediyon karkara ta farko ta soma aiki a Bankilare, tashoshin FM sai ƙaruwa suke yi, alhali filinsu bai ƙaru ba. Daga megahaz 87,5 zuwa 108 ne kawai, kuma kowace tasha tana cin wajen kilohaz 200. Wannan lamba da mai gabatarwa ke faɗi a farkon shiri ita ce firikansi, yawan kaɗawar igiyar cikin daƙiƙa guda. Megahaz 1 kaɗawa miliyan ɗaya ke nan.

Na'urar da ke nuna wannan fili ita ce ma'aikata ke kira analizar, mu kuwa mu ce ma'aunin igiya. Akwatin rediyo kamar mutum ne da ya tsaya a rumfa guda. Ma'aunin igiya shi ne wanda ya hau soro yana kallon kasuwar baki ɗaya. A allonta, daga hagu zuwa dama firikansi ne, daga ƙasa zuwa sama ƙarfi. Kowace tasha tana fitowa kamar tsauni, a ƙasa kuma akwai wata ciyawa mai rawa, wadda yawancinta surutun na'urar ne da kanta.

Ana ƙidaya ƙarfi da dBm. 0 dBm kashi ɗaya ne cikin dubu na wat, duk ƙarin 10 kuma ninki goma ne. Saboda haka 30 dBm wat 1 ne, 60 dBm wat 1000. A riƙe wannan lissafi da kyau, don a kansa dukiya ke salwanta. Akasarin manyan na'urori, irin na Rohde & Schwarz ko Anritsu, ba su ɗaukar fiye da wajen wat 1 a bakinsu, ƙananan na aljihu irin tinySA ko kusa da haka ba su kai ba. Iyakar tana rubuce a gefen ramin da ake sa waya. Na taɓa ganin wani saurayi, a wata tasha da ba zan ambata ba, ya haɗa emetar kai tsaye da na'urar aro. Ba hayaƙi, ba ƙara. Allo ya ci gaba da haske, amma daga ranar ba ta sake faɗin gaskiya ba, kuɗin gyara kuwa ya kusa na sabuwa. Hanyar kirki ita ce a sa marage ƙarfi tsakani, wanda aka ƙera don ya jure zafin emetar ɗin, ya sauko da 60 dBm zuwa 0 ko ƙasa da haka. Mai koyo ma ya fi masa sauƙi ya ɗaura ɗan eriya a na'urar, ya ja nesa da hasumiyar tasha.

Saiti na farko ba wuya. A zaɓi firikansin tsakiya, a zaɓi faɗin taga. Mai son ganin dukan tashoshin FM na garinsu ya sa tsakiya a 98, faɗi 22. Sannan a daidaita layin saman allo yadda kan tsauni mafi tsawo zai tsaya kaɗan a ƙarƙashinsa.

Inda gwaninta take shi ne maɓallin da aka rubuta wa RBW. Rariya ce, kai kake zaɓen girman idonta. In ka sa ta a megahaz 1, tashoshi biyu masu maƙwabtaka sai su narke su zama tudu guda. Ka sauko zuwa kilohaz 10, kowace ta fito da kamanninta, ciyawar ma ta kwanta: duk rage ido sau goma yana saukar da ita da 10 dB, har ƙananan igiyoyi da suka ɓuya a ciki su bayyana. Sai dai rariya mai ƙaramin ido ba ta sauri. A na'urorin da ke share fili daga hagu zuwa dama, rage ido sau goma na iya ninka lokacin sau ɗari. Mai gaggawa da ya tilasta mata gudu, lambar ƙarya zai karanta.

To me ake nema? Emetar ba ta tsaya a firikansinta kaɗai; tana haifar ƴaƴa a ninki biyu da ninki uku. Tashar da ke kan 100 tana da ɗa a 200, cikin filin 174 zuwa 230 da aka keɓe wa talabijin. Aikin matatar da ke cikin emetar ne ta danne su, kuma matatar nan ce masu ƙera kayan araha suka fi yi wa rowa. Abin da ya fi ban tsoro yana nan dab da ƙofa. Daga 108 zuwa 137 filin jiragen sama ne: kashin farko na na'urorin da ke yi wa jirgi jagora da saukar da shi, daga 118 kuma maganar matuƙi da hasumiya. Idan tashoshi biyu masu ƙarfi suna kusa da juna, igiyoyinsu kan gauraya su haifi ta uku. Ga misali: ɗaya a 107, ɗaya a 92,5. Ninka 107 sau biyu, 214. Ɗebe 92,5, saura 121,5. Wannan kuwa ita ce firikansin da matuƙan duniya duka ke neman agaji a kanta. Mai sauraro a gida ba zai ji kome ba.

Amma kafin ma'aikaci ya rubuta rahoto a kan tashar wani, ya tuna na'urar da kanta tana haifar irin waɗannan ƴaƴa in an cika mata ciki. Gwajin ɗan kaɗan ne: a ƙara 10 dB a marage ƙarfin da ke cikinta. Tsaunin gaskiya zai tsaya inda yake, don na'urar tana gyara lissafinta. Na ƙarya zai rufta ko ya ɓace. A ganina wanda bai yi wannan gwaji ba bai kamata a karɓi takardarsa ba. Katsalandan mai zuwa yana tafiya kuwa, akwai saitin da ke riƙe mafi tsawon abin da ya gifta. A kunna shi, a tafi shan shayi, a dawo a duba.

Rabon firikansi da sa ido a kansa aikin hukumar ARCEP ne, kuma ba tashoshin rediyo kaɗai abin ya shafa ba. Ƙananan na'urorin ƙara ƙarfin salula da ake ɗaurawa a kan shaguna, in ba su da kyau, suna iya toshe layin unguwa guda a wajajen megahaz 900. Shawarata ga mai sayo irin waɗannan kaya: a sa a yarjejeniya cewa sauran kuɗi sai an kunna injin a gaban tekinisiyan mai na'ura, an duba ninki biyu da ninki uku da filin jirage, an ɗauki hoton allo an haɗa da rasit.