Tarin Fuka: An Kashe Maciji Ba a Sare Kansa Ba

A Yola da Jimeta, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, kyauta gwamnati take ba da maganin tarin fuka. Sharaɗinsa shi ne a sha kullum har wata 6: iri huɗu a wata 2 na farko, iri biyu a sauran wata 4. To, amma sau da yawa da zarar tari ya lafa, sai majiyyaci ya ajiye magani ya koma kasuwa ko gona. Daga nan fitina take farawa.

Akan ce jikin wane ya saba da magani. Alhali kuwa ƙwayar cutar ce take sauyawa. Miliyoyinsu ne a huhun mai ciwo, kuma garin hayayyafa jefi-jefi akan sami wadda ta zo da ɗan sauyi a gadon halittarta. Sauyi a gurbin da masana suke kira rpoB shi ke hana rifamfisin aiki, na katG ko inhA kuwa ya karya isoniyazid, waɗannan biyun kuma su ne ginshiƙan maganin. In an sha magungunan tare, wadda ta kuɓuce wa wannan sai wancan ya kashe ta. In kuwa ana sha ana fashi, masu rauni su mutu, masu taurin kai su gaje huhun. Sa'an nan tari a ɗaki mai cunkoso ya kai su ga uwargida da yara, waɗanda ba su taɓa shan maganin ba.

Binciken ƙasa na wajen 2010 ya nuna kashi 2.9 cikin 100 na sababbin majiyyata suna ɗauke da irin da ya gagari magungunan nan biyu, amma cikin waɗanda suka taɓa shan magani adadin ya kai kashi 14.3.

Adamawa tana da nata dalilan fashi. Makiyayi ba ya zama wuri ɗaya wata 6, shi ya sa a 2012 da 2013 ma'aikatan lafiya suka riƙa bin Fulani kasuwannin ƙauye suna gwaji. A 2014 kuma, da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, dubban mutane suka kwararo Yola, mai gudun rai kuwa ba ya tsayawa ɗaukar katin asibiti.

Duk da haka akwai sauƙi. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, takan duba kaki ta gano sauyin rpoB cikin kamar awa 2. Dā mai irin wannan tari yakan kai shekara 2 yana magani, har da allurai masu kurumtarwa. Tun 2022 hukumar ta yarda da ƙwayoyin sha na wata 6.

Saboda haka wanda tarinsa ya kai mako 2 ya je a gwada shi, wanda ya fara magani kuma danginsa su tsaya masa har ya ƙarasa. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.