Ɗan Kasuwar Yadi da Ƙungiyar Masana Kimiyya

Idan aka ce ƙungiyar masana kimiyya tana taimakon bincike, yawancinmu kuɗi ne ke faɗo mana a rai. Kuɗi suna da amfani, ba musu. Amma ku saurari labarin wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holand, sunansa Antoni Lewenhuk.

Bai yi jami'a ba, bai iya Latin ba, wato harshen malaman Turai na wancan zamani. Sai dai ya ƙware wajen goge ɗan mitsitsin gilashi mai ƙara girman abu. A 1673 ya fara aika wasiƙu da harshensu na Holand zuwa ga Royal Society, ƙungiyar masana ta Ingila da aka kafa a Landan a 1660. Ba a jefar da su a kwandon shara ba. An fassara su, aka buga a mujallar ƙungiyar.

A 1676 ya rubuto cewa ya jiƙa barkono a ruwa, ya ga halittu birjik suna iyo a cikin ɗigo guda. Masana suka ce anya kuwa? To, a nan ƙungiyar ta burge ni. Ba ta yi masa dariya ba, ba ta kuma gaskata shi don kunya ba. Robert Hooke ya jiƙa nasa barkonon, ya gwada bai ga komai ba, ya sake, sai a Nuwamban 1677 ya gan su, ya nuna wa sauran. A 1680 suka zaɓi mai yadin nan ya zama ɗan ƙungiya, ya ci gaba da yi musu wasiƙa har rasuwarsa a 1723. Daga nan fa aka kama hanyar sanin ƙwayoyin cuta, waɗanda saboda su ake ce muku ku tafasa ruwan rijiya.

Mu ma muna da Akademiyar Kimiyya ta Nijeriya tun 1977. Ni a ganina ya kamata ta tanadi mai karanta wasiƙar Hausa, ta boko da ta ajami. Manomin da ya lura da wata sabuwar tsutsa a gonar wakensa ya rubuta abin da ya gani, a sami masanin da zai je gonar ya duba, a kuma ba shi amsa.